Harbin Virginia Tech: me ake tunawa, me aka gyara?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina aiki a ofishin harkokin ɗalibai na wata kwaleji a Arewa. Na ga yadda jami'ar Virginia Tech ta Amurka ke taron tunawa da mutum 32 da aka harbe a harabarta, duk ranar 16 ga Afrilu. Mun yi gardama da abokiyar aikina. Ita ta ce fama rauni ne kawai, wanda ya tafi ya tafi, addu'a ta isa. Ni ina ganin akwai amfani, amma na kasa fayyace mata. Me ya faru a can takamaimai, kuma ban da kunna kyandir akwai abin da ya canza a tsaron ɗalibai?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Abokiyar aikinki tana da tata gaskiyar. Akwai taron tunawa da ba ya ƙara wa iyayen mamaci komai sai sabon kuka: manya su hau mumbari su yi jawabi, a ɗauki hoto, a watse, baɗi a maimaita. Amma ba za a yi wa na Virginia Tech hukunci ba sai an bi safiyar da abin ya faru daki-daki, domin kusan duk gyaran da ya biyo baya daga cikin sa'o'i ukun nan aka tsamo shi. Sunan maharin kuwa ba zan kawo ba, zan faɗi dalili in mun zo wurin.

Ranar Litinin ce, 16 ga Afrilu, 2007, a Blacksburg, wani ƙaramin gari a yankin tsaunukan jihar Virginia. Jami'ar tana da ɗalibai kimanin dubu 26 da gine-gine fiye da 100, a fili mai faɗin eka 2,600, ba katanga, titunan mota na shiga ta ko'ina. Wajen ƙarfe 7:15 na safe wani ɗalibin ajin ƙarshe, ɗan shekara 23, ya shiga ginin kwanan ɗalibai na West Ambler Johnston, ya harbi wata 'yar aji ɗaya a ɗakinta, ya kuma harbi ɗalibin da ke kula da sashen, wanda ya fito jin hayaniya. 'Yan sanda suka iso. Abokiyar zaman yarinyar ta shaida musu cewa saurayinta yakan sauke ta da safe, kuma yana da bindiga, yana zuwa filin koyon harbi. Nan take hankalinsu ya tafi kan rikicin soyayya, suka ɗauka mai laifin ya riga ya bar harabar. Suka bi saurayin suka tare shi a hanya, bawan Allah bai san hawa ba bai san sauka ba.

Duk wanda ya yi aikin tsaro ya san wannan tarkon. Bayanin farko da ya zo, in ya yi kama da abin da aka saba gani, sai a rungume shi a daina tambaya. Zargin saurayin zargi ne mai ma'ana. Inda aka yi sake shi ne ba wanda ya ce: to in ba shi ba ne fa? An harbi mutum biyu, ba a ga bindiga ba, ba a kama kowa ba, ga sawun takalmi da jini ya fita daga ɗakin.

Shugabannin jami'a suka shiga taro wajen 8:30. Saƙon farko bai fita ba sai 9:26, ta imel, sa'a biyu da minti 11 bayan harbin. Abin da ya ƙunsa shi ne an yi harbi a ɗakin kwanan ɗalibai, 'yan sanda na bincike, a yi hattara. Bai ce an rasa rai ba, bai ce mai harbin yana sake ba, ba a kuma soke lacca ba. Kafin lokacin ɗalibai sun riga sun zauna a azuzuwan ƙarfe 9:05. Abin da ya fi ƙona wa iyaye rai ya fito ne a 2009, da aka sake gyara rahoton binciken: wasu jami'an sun sanar da iyalansu tun kafin a sanar da ɗalibai, an kulle ofishin shugaban jami'a, makarantun gwamnati na garin sun rufe ƙofofinsu, har kwasar shara an dakatar. Duk wanda labarin ya isa gare shi ya kare kansa, sauran kuwa suna aji suna ɗaukar darasi.

A tsakanin nan maharin ya koma ɗakinsa ya canza kaya, ya tafi gidan waya ya aika wa gidan talabijin na NBC ƙunshin hotuna da bidiyo, hatimin ya nuna 9:01. Daga nan ya nufi Norris Hall, ginin sashen injiniya, ya ɗaure manyan ƙofofin shiga uku da sarƙa da kwaɗo ta ciki, ya liƙa takarda cewa bam zai tashi in aka buɗe. Wani cikin malamai ya ga takardar, ya hau da ita ofishin shugaban tsangaya maimakon ya kira 'yan sanda. Wajen 9:40 harbi ya fara a hawa na biyu. Cikin kimanin minti 11 ya saki harsashi 174, ya kashe mutum 30, ya jikkata 17, wasu 6 suka ji rauni wajen dirowa ta taga. Da ya ji 'yan sanda sun shigo ya harbe kansa, ƙarfe 9:51. Jimillar waɗanda ya kashe 32, ɗalibai 27 da malamai 5.

Ga abin da nake so ki riƙe, domin shi nake fara dubawa a duk makarantar da aka kira ni. Azuzuwan nan babu ko ɗaya da ake iya kullewa ta ciki. A aji mai lamba 206, inda ya fara, ba su samu ko damar miƙewa ba, mutum 10 suka rasu har da farfesansu ɗan asalin Indiya. A 211, ajin Faransanci, malamar da ɗalibanta sun tura tebur bayan ƙofa, amma ya ture ya shiga, nan aka fi asarar rai, mutum 12. A 207, ajin Jamusanci, ya kashe 5 ya fita, waɗanda suka rage, wasunsu jini na zuba, suka tokare ƙyauren da ƙafa da jiki, ya dawo ya kasa shiga. A 205 kuwa ɗalibai sun gane ƙarar da wuri, suka jawo babban tebur suka danna a ƙofar, suka yi ƙasa suna riƙe da shi. Ya tura ya kasa, ya yi harbi ta jikin ƙyauren, ya wuce. Ba wanda ya ji ko ƙwarzane a wannan ajin. Baranda ɗaya ce ta haɗa su duka.

A 204 Farfesa Liviu Librescu ne ke koyarwa, dattijo ɗan shekara 76, Bayahude haifaffen Romaniya wanda ya tsira daga kisan kiyashin zamanin Nazi yana yaro, ya koma Isra'ila a 1978 kafin ya zo Amurka. Ya tare ƙofa da jikinsa yana ce wa ɗalibai su fita ta taga. Mafi yawansu suka tsira, shi aka kashe shi tare da ɗaliba guda. Wani farfesan, Kevin Granata, ya kwashe ɗalibai kimanin 20 daga hawa na uku ya sa su a ofishinsa, wanda ke da makulli, ya sauko ya ga abin da ke faruwa, aka harbe shi a baranda. Waɗanda ya kulle duk sun fita lafiya. Jarumtar mutanen nan abin jinjinawa ce, kuma ana jinjina mata duk shekara. Sai dai ni in na karanta labarin Librescu, abin da ke damuna shi ne dattijo ya yi da ƙirjinsa aikin da sakatar 'yan kuɗi kaɗan za ta yi.

'Yan sanda ba su yi nawa ba. Minti uku bayan kiran farko sun iso, don dama suna kusa a kan harbin safe. Sarƙoƙin ne suka cinye musu kusan minti biyar, sai da suka harbe makullin wata ƙofar gefe suka samu shiga. Tun bayan harbin makarantar Columbine a 1999 aka daina koya wa 'yan sandan Amurka su zagaye gini su jira runduna ta musamman, waɗanda suka fara isowa su ke kutsawa. Hakan ya yi amfani a Norris Hall, domin an tarar da sauran harsasai fiye da 200 da bai harba ba. Iska mai ƙarfi ta hana jirage masu saukar ungulu tashi a ranar, a mota aka kwashi masu rauni, kuma cikin masu agajin farko akwai ɗaliban jami'ar 'yan sa-kai. Wani ɗalibi da harsashi ya tsinka masa babbar jijiyar jini a cinya ya ɗaure ƙafarsa da wayar lantarki, ya rayu. Amma ki lura, duk wannan saurin, an gama harbin mutanen kafin ɗan sanda na farko ya kai hawa na biyu. Shi ya sa a sana'armu ta tsaro aka fi sa ido kan abin da aka yi ko aka bari kafin ranar.

Gwamnan jihar na lokacin, Tim Kaine, ya kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Gerald Massengill, tsohon shugaban 'yan sandan jihar, suka miƙa rahoto a watan Agustan 2007. Abin da suka tono ya kai safiyar kanta tayar da hankali. Tun maharin yana ƙaramar sakandare aka gano yana da larurar kasa magana a cikin mutane da ciwon damuwa, kuma a 1999 ya yi rubutun da ke nuna sha'awar maimaita Columbine. Makaranta da iyayensa suka tsaya masa, aka yi masa magani da kulawa ta musamman, ya gama lafiya. Da ya shiga jami'a a 2003 wannan tarihin bai biyo shi ba. A 2005 wata malamar adabi ta ce ko a fitar da shi daga ajinta ko ta ajiye aiki, saboda rubuce-rubucensa da ɗaukar hotunan 'yan ajin a ɓoye ta ƙarƙashin tebur. Shugabar sashen ta koma koyar da shi shi kaɗai, ta kai kuka ofisoshi da dama. Ɗalibai mata suka kai ƙararsa ga 'yan sandan jami'a kan yana takura musu. A Disambar 2005 ya aika wa abokin zamansa saƙon da ke nuna zai iya kashe kansa, aka kai shi asibitin ƙwaƙwalwa ya kwana, washegari alƙali ya yanke cewa shi haɗari ne ga kansa, ya umarci ya riƙa zuwa ganin likita daga gida. Ba wanda ya bi sawu ya ga ko ana yi masa maganin. Ba wanda ya kira iyayensa.

Malamai sun san nasu, 'yan sanda sun san nasu, cibiyar ba da shawara ta san nata, kotu ta san nata, iyaye na riƙe da tsohon tarihi, amma ba wanda ya tara su wuri ɗaya ya ji daga bakin kowa. Kwamitin ya gano cewa ma'aikata da yawa sun ɗauka dokokin sirrin ɗalibi da na majinyaci sun hana su magana da juna, alhali dokokin sun ba da dama in akwai barazana ga rai. Kowa na gudun kada a maka shi kotu, sai ya ja bakinsa ya yi shiru.

Sai batun bindiga. Dokar tarayyar Amurka ta 1968 ta haramta sayar da bindiga ga wanda kotu ta yanke masa irin wannan hukunci. Amma jihar Virginia sunayen waɗanda aka kwantar a asibiti kawai take turawa rajistar da masu shago ke dubawa, shi kuwa daga gida aka ce ya riƙa zuwa. Don haka da ya je sayen ƙananan bindigogi biyu, ɗaya a Fabrairu ɗaya a Maris na 2007, kwamfuta ta wanke shi tas. Har dokar jihar ta bindiga ɗaya a wata ya kiyaye.

To me ya canza? Mako biyu bayan harin Kaine ya sa hannu kan umarnin da ya toshe waccan kafar. A Janairun 2008 Shugaba George W. Bush ya sa hannu kan dokar da ta ware wa jihohi kuɗi don su riƙa tura irin waɗannan bayanai rajistar ƙasa. A shekarar dai aka gyara dokar Clery, wadda tun 1990 ta wajabta wa jami'o'i bayyana laifukan da ake yi a harabarsu, aka ƙara cewa da zarar an tabbatar da barazana dole a sanar da jama'ar makaranta nan take, a kuma gwada tsarin sanarwar duk shekara. Daga nan saƙon tes na gaggawa da jiniya da lasifika da allunan lantarki suka zama ruwan dare a jami'o'in Amurka. Virginia Tech ta sa makullan ciki a azuzuwa, ta canza hannayen manyan ƙofofi yadda ba za a iya zura musu sarƙa ba.

Wanda na fi ba muhimmanci ba ya fitowa a hoto. A 2008 Virginia ta yi dokar da ta wajabta wa kowace jami'ar gwamnati kafa kwamitin auna barazana, inda ɗan sanda da masanin lafiyar ƙwaƙwalwa da jami'in harkokin ɗalibai irinki da lauya ke zama tare, a 2013 kuma aka faɗaɗa ta zuwa firamare da sakandare. Ba farautar masu kama da mahara suke yi ba. Binciken da hukumar Secret Service mai tsaron shugaban ƙasa da ma'aikatar ilimin Amurka suka fitar a 2002 kan hare-hare 37 a makarantu ya nuna babu wata siffa guda ta mai kai hari, amma a fiye da kashi uku cikin huɗu wani ya san da shirin tun kafin a aikata, galibi abokai. Don haka abin da mutum ya yi ko ya furta ake bi. Mafi yawan waɗanda sunansu ke zuwa gaban irin wannan kwamiti taimako suke buƙata, wasu ma kansu za su cutar. Ina jaddada wannan ne saboda bayan irin wannan hari akan koma yi wa masu larurar ƙwaƙwalwa kallon mugaye, kuma zalunci ne. Mafi yawansu ba sa cutar da kowa, in kuma aka mai da ɗakin likita wurin tonon asiri, ba ɗalibin da zai ƙara leƙawa.

Kada dai a yi wa jami'ar kwalliyar da ba tata ba. Jihar ta biya diyyar dala miliyan 11 a 2008 ga mafi yawan iyalai. Iyalai biyu suka ƙi karɓa suka tafi kotu, suna so su ji daga bakin jami'ai a ƙarƙashin rantsuwa. Masu taya alƙali yanke hukunci suka ba su gaskiya a 2012, kotun ƙolin jihar ta rushe hukuncin a 2013. Ma'aikatar ilimi ta ci jami'ar tarar dala 55,000 kan jinkirin sanarwa, jami'ar ta yi ta ɗaukaka ƙara, a ƙarshe ta biya 32,500 a 2014. A ganina rufe fili mai eka 2,600 ba mai yiwuwa ba ne, kwamitin ma ya yarda da haka. Amma a ce wa mutane an harbi mutum biyu, ba a kama mai harbin ba, kowa ya zauna inda yake, wannan ba ya buƙatar komai sai mutum ɗaya da aka ba ikon aika saƙo ba tare da jiran taro ba. A 2007 'yan sandan jami'ar ba su da wannan ikon. Ranar 8 ga Disamba, 2011, daidai lokacin da jami'an makarantar ke Washington suna kare kansu kan waccan tarar, wani ya harbe ɗan sandan jami'ar a harabar. Wannan karon ba a kai rabin sa'a ba saƙo ya shiga wayoyi, aka yi ta sabunta shi har aka tabbatar haɗari ya wuce.

Taron tunawar kuwa ba daga ofis ya faro ba. Jim kaɗan bayan harin wata ƙungiyar ɗalibai ta ɗauko duwatsu 32 na irin dutsen da aka gina jami'ar da shi, suka jera su rabin da'ira a babban filin tsakiyar makaranta, mutane suka yi ta ajiye furanni da wasiƙu. A watan Agusta aka maye gurbinsu da na dindindin, kowanne da sunan mutum ɗaya a sassaƙe, na asalin aka ba iyalai. A bikin yaye ɗalibai na watan Mayu an ba ɗaliban 27 shaidar digiri duk da sun rasu. Duk 16 ga Afrilu ana kunna kyandir da tsakar dare, a karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya, kyandir ɗin ya yi sa'a 24 yana ci, ɗaliban horon soja su tsaya gadi na minti 32. Ana kuma gudun mil 3.2, dubban mutane ke fitowa. Azuzuwan hawa na biyu ba a ƙara yin lacca a cikinsu ba. An mai da wani sashe na wurin cibiyar nazarin zaman lafiya da hana tashin hankali, kuma mijin malamar Faransancin nan, shi ma farfesa a jami'ar, shi ya fara shugabantarta.

Karanta sunaye yana da aikin da yake yi. In aka ce mutum 32, kunne ya ji ya wuce. In aka bi su ɗaya-ɗaya sai a ga akwai ɗan Masar mai neman digiri na uku da ya bar mata da ƙaramin ɗa, akwai ɗan Indonesiya, ɗan Peru, 'yar Indiya, akwai Musulmi da Kirista da Bayahude da Hindu, 'yan shekara 18 da dattijo mai 76. Haka 'yan Kenya suka yi bayan harin jami'ar Garissa na 2 ga Afrilu, 2015, inda aka kashe mutum 148, suka yi ta yaɗa hotuna da sunayen ɗaliban don kada a bar su a adadi.

Wata ɗaliba ta ƙara dutse na 33 don maharin, tana ganin shi ma ɗan makarantar ne kuma iyayensa sun yi rashi. Aka yi ta ɗaukewa ana mayarwa. Na dindindin 32 ne, kuma ina ganin daidai aka yi. Iyayensa abin tausayi ne, amma ba a jera shi da waɗanda ya kashe. Ga kuma dalilina na ƙin faɗin sunansa. Kwana biyu bayan harin NBC ta watsa hotuna da bidiyon da ya aiko, sauran kafafe suka ɗauka, fuskarsa riƙe da bindigogi ta cika duniya, har wasu iyaye suka soke hirar da za su yi da gidan. Abin da ya je gidan waya nema ke nan, aka kuwa ba shi. A cikin ƙunshin ya yabi maharan Columbine, kuma an samu wasu da suka zo bayansa sun yi nazarin nasa harin. Firaministar New Zealand ta lokacin, Jacinda Ardern, bayan kashe masallata 51 a Christchurch a 2019, ta ce ba za ta taɓa furta sunan mai laifin ba, ta roƙi a riƙa kiran sunayen waɗanda aka rasa.

Ga abokiyar aikinki da ke ganin shiru ya fi, akwai inda aka gwada shirun. Ranar 1 ga Agusta, 1966, wani ya hau hasumiyar jami'ar Texas da ke Austin ya yi ta harbin mutane fiye da sa'a ɗaya da rabi. Aka rufe makaranta kwana ɗaya, aka wanke jini, aka koma karatu. Ba a kafa dutse mai ɗauke da sunayen mamatan ba sai 2016, bayan shekara 50, kuma waɗanda suka tsira ne suka matsa, lokacin furfura ta gama rufe su. Rabin ƙarni kowannensu yana fama da nasa shi kaɗai. Addu'a kuwa ba wanda ya ce a bar ta, ita ce kan gaba a wurinmu. Sai dai yarda da ƙaddara ba ta taɓa hana a tambayi wanda aka ba amana yadda ya riƙe ta ba.

Mu ma ba baƙi ba ne ga wannan. An kai hari tsohuwar harabar Jami'ar Bayero ranar Lahadi 29 ga Afrilu, 2012, kan Kiristoci masu ibada, farfesoshi biyu na cikin waɗanda aka kashe. An kashe gomman ɗalibai suna barci a Kwalejin Aikin Gona ta Gujba a jihar Yobe a Satumbar 2013. An shiga Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Kano a Satumbar 2014. Sanadin ya bambanta, waɗannan 'yan bindiga ne daga waje, don haka kwamitin auna barazana ko rajistar sayen bindiga ba za su tare irinsu ba. Amma tambayoyin mintunan nan iri ɗaya ne. Gobe ki shiga babban ɗakin lacca na makarantarku ki tsaya a tsakiya ki ƙirga ƙofofi. Sau da yawa za ki ga huɗu ne, uku an garƙame su da kwaɗo tun shekarun baya saboda ɓarayin fanka, ba ma wanda ya san inda makullin yake, tagogi kuma duk an dasa musu ƙarfe. Abin da maharin Norris Hall ya yi da sarƙa mun riga mun yi da hannunmu, tagar da ɗaliban Librescu suka bi kuma namu ba su da ita. Sannan ki tambaya: in aka ji harbi a hostal ɗin mata ƙarfe bakwai na safe, wa ke da ikon sanar da kowa, ta wace hanya, kuma sai ya jira shugaban makaranta ya ɗaga waya? Ko zauren WhatsApp na wakilan aji hanya ce, in an tsara tun da wuri wa zai tura saƙo da irin kalmomin da zai sa, yadda za a bambance shi da jita-jita.

Zan ja kunne kan atisaye. A Nuwambar 2015 jami'ar Strathmore da ke Nairobi ta yi atisayen harin ta'addanci da ƙarar harbi, mutane da yawa ba su san wasa ba ne, wata ma'aikaciya ta rasu, da dama suka ji rauni wajen dirowa daga bene. Atisaye ana sanar da shi, a yi shi a tsanake. Buɗe but ɗin mota a get da shafa wa mutane na'ura kuma suna kwantar da hankali, amma maharin Virginia Tech ɗan gida ne mai katin shaida a aljihu.

In makarantar da ta taɓa yin rashi za ta yi irin wannan taro, a fara da iyalai. A nemi izininsu kafin a sa suna ko hoton ɗansu, wanda ba ya so a ƙyale shi, kada a tilasta wa kowa halarta, kada a manta da waɗanda suka rayu da rauni. A rage jawabin manya. Sannan a ware rabin sa'a da shugaban tsaro zai miƙe ya karanta shawarwarin da aka bayar bayan abin ya faru, ya ce wannan an yi, wannan ba a yi ba, ga dalili. A Virginia iyalai ne suka riƙe wannan aikin. Matsin lambarsu ce ta sa aka gyara rahoton a 2009, kuma gidauniyar da suka kafa ta yi ta bin jihohi kan su tura bayanai rajistar ƙasa.

Kada kuma ki ɗauka Amurka ta gama da matsalar. Babbar gardamar, ta yawan bindiga a hannun jama'a, tana nan daram. Kwamitin Massengill ya ba da shawarar a hana bindiga a harabar jami'o'i, wasu kuwa darasin da suka ɗauka shi ne a bar masu lasisi su shiga aji da tasu, kuma dokar Texas da ta halatta hakan ta fara aiki ne ranar 1 ga Agusta, 2016, ranar da aka buɗe dutsen sunayen nan na jami'ar Texas. Wata goma bayan Virginia Tech an kashe ɗalibai 5 a jami'ar Arewacin Illinois. A 2015 an kashe mutum 9 a kwalejin Umpqua ta jihar Oregon. A Fabrairun 2023 ɗan bindiga ya kashe ɗalibai uku a jami'ar jihar Michigan, kuma ajin da ya fara shiga ba a iya kulle shi ta ciki, malamin ne ya tokare ƙofar da jikinsa don kada ya dawo. Shekara kusan 16 ke nan bayan Norris Hall. Bayan nan ne jami'ar ta sanar za ta sa makullai a azuzuwa kimanin 1,300.